Karrama Tsofaffin Ɗalibai Sojoji: Abin da Shari'a Ta Yarda da Shi, da Abin da Ta Nema

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya zaman lafiya ya zama inuwar da sauran ni'imomi ke fakewa a ƙarƙashinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu jingine bayanin da muke yi a kan rabon gado, domin mu amsa wata tambaya da ta iso wannan fili. Waɗansu tsofaffin ɗalibai ne na wata makarantar sakandare a nan Kaduna, dattawa masu furfura yanzu, suka yi niyyar shirya taro don su girmama 'yan makarantarsu da suka shiga aikin soja, rayayyu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. To, sai saɓani ya shiga tsakaninsu. Waɗansu suna so a sassaƙa mutum-mutumin soja a kafa shi a ƙofar makaranta, a yi shiru na minti ɗaya, a ajiye furanni. Waɗansu suka ce duk wannan bidi'a ne, a bar taron ɗungum. Wani ma ya ƙara da cewa wai aikin soja a ƙasar da ba da Shari'a ake mulkinta ba bai cancanci yabon Musulmi ba. Shi ne suke neman a faɗa musu inda gaskiya take.

Tambayar ta dace da garin da aka yi ta, domin Kaduna garin soja ne tun asalinsa. Sa'ad da Turawa suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru suka tare a nan cikin 1917, sojoji na cikin waɗanda suka fara sauka. Har yau wanda ya bi ta Kawo zai ga Barikin Dalet, a cikin gari kuma akwai Barikin Kalapanzin, sunaye biyu da suke yi wa harshen Bahaushe nauyi, alhali kuwa sunayen wurare ne a ƙasar Bama, inda kakanninmu suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. A nan aka buɗe Makarantar Horon Hafsoshi a 1964, a nan ne hedkwatar Runduna ta Ɗaya take, a nan Asibitin Soja na 44 yake. Da wuya ka sami unguwa, daga Unguwar Kanawa zuwa Badarawa zuwa Unguwar Dosa, wadda ba ta da gidan tsohon soja, ko gidan da aka taɓa kawo wa kayan mamaci daga fagen fama.

In kuwa ana zancen makarantar da ta ba ƙasar nan hafsoshi, to, dole a fara da Barewa, wadda mu ma Kadunawa muna da rabo a cikinta. An kafa ta a Katsina cikin 1921, aka kawo ta Kaduna a 1938, ta zauna a nan da sunan Kwalejin Kaduna har 1949 da aka mai da ita Zariya, sa'an nan a 1971 ta sami sunan da aka san ta da shi yanzu. A wancan zamani iyaye a ƙasar Hausa ba su ɗauki aikin soja a bakin komai ba, gani suke aikin wanda ya gagari gidansu ne. Sai da shugabanni irin su Sardauna Ahmadu Bello da Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu suka yi ta kwaɗaitar da 'yan makaranta, Sarkin Katsina Usman Nagogo kuma ya bar ɗansa Hassan ya sa kaki a 1956, kafin ra'ayi ya fara juyawa. Daga wannan kwaleji aka sami Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar-Kanar Abogo Largema, da Laftanar-Kanar James Pam, da Janar Yakubu Gowon, da Janar Hassan Usman Katsina, da Janar Murtala Muhammad, da Janar Muhammadu Shuwa. Huɗun farko a dare ɗaya aka kashe su a Ikko, daren 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi. Maimalari ma hafsan da ke aiki a ƙarƙashinsa, wanda ya amince wa, shi ya harbe shi. Murtala aka kashe shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 yana ɗan shekara 37. Shuwa, wanda ya jagoranci Runduna ta Ɗaya a yaƙin basasa ya fito lafiya, 'yan bindiga suka same shi har gidansa a Maiduguri cikin 2012, yana tsoho. Makaranta ɗaya ke nan. Ashe kuwa maganar da dattawan nan suka ɗauko tana da nauyi.

Bari mu fara da mai cewa aikin bai cancanci yabo ba, domin in maganarsa ta tabbata, sauran bayani ya faɗi. Malaman usulu sun haɗu a kan cewa Shari'a ta zo ne don ta tsare abubuwa biyar, watau addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Wanda ya kwana a tsaye da bindiga a bakin daji don manomi ya kai amfanin gonarsa gida, don a buɗe masallaci da asuba ba tare da fargaba ba, don kada a kwashe 'yan makaranta a yi daji da su, wanne ne daga cikin biyar ɗin nan bai tsare ba? Imamu Tirmizi ya ruwaito bushara ga ido biyu da wuta ba za ta shafa ba, ɗaya wanda ya zub da hawaye don tsoron Allah, ɗaya wanda ya hana kansa barci yana gadi saboda Allah. Batun cewa ƙasar ta haɗa Musulmi da wanda ba Musulmi ba kuwa, ai Madina ma haka take sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka a cikinta, kuma takardar alkawarin da ya rubuta tsakanin mazaunanta ta ɗora wa Musulmi da Yahudawa taimakon juna a kan duk wanda ya kawo wa garin hari. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, da wani ya tasar wa Najjashi zai ƙwace mulkinsa, addu'ar nasara suka yi wa sarkin, har Zubairu ɗan Awwamu ya haye kogi don ya gano musu yadda yaƙin ya kaya, alhali ƙasar ta Kirista ce. Wannan ra'ayi na kafirta soja da ɗan sanda mun ga inda ya kai mu tun daga 2009, mun ga kuma cewa mafi yawan waɗanda ya ci masu salla ne. Saboda haka aikin halal ne, mai yin sa da kyakkyawar niyya kuma yana da lada, yabon gwani kuwa ya zama dole.

Masu cewa tunawa da su bidi'a ce su ma sun tsananta. Manzon Allah ya kasance yana ziyartar shahidan Uhudu, har Buhari ya kawo cewa bayan shekara 8 da yaƙin, gab da wafatinsa, ya fita ya yi musu addu'a kamar mai bankwana da rayayyu da matattu. Malaman tarihi irin su Ibnu Ishaƙa sun tsaya sun rubuta sunayen waɗanda suka halarci Badar da waɗanda suka faɗi a Uhudu, ɗaya bayan ɗaya, kowa da kabilarsa, shi kansa Buhari ya keɓe babi don jera sunayen mutanen Badar. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambaci abokansa da suka rasu a yaƙoƙin jihadi da sunayensu cikin waƙoƙinsa na Larabci. Don haka in makaranta ta sami allo ta rubuta sunayen 'ya'yanta da suka yi wa ƙasa wannan aiki, da shekarar da kowa ya fita, ta rataye a zauren taro inda yara za su riƙa gani, ban ga abin hani a ciki ba, ina ma ganin alheri ne.

Amma mutum-mutumi, wannan kam a bar shi. Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya bayyana cewa gumakan nan biyar da aka ambata a Suratu Nuhu asalinsu sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu sai jama'arsu suka kafa siffofinsu a wuraren zamansu don tunawa kawai, ba wanda ya bauta musu a lokacin, sai da wannan tsara ta shuɗe, ilmi ya gushe, sa'an nan jikoki suka faɗi gabansu. Na san za a ce yau wa zai bauta wa siminti? To, mutanen Annabi Nuhu ma da za a tambaye su a ranar farko haka za su ce. Shirun minti ɗaya da ajiye fure kuwa al'adun waɗansu mutane ne da muka tarar, mamaci ba ya ƙaruwa da su da komai. Minti ɗayan nan da za a yi ana kallon ƙasa, in an cika shi da roƙa wa mamaci gafara, ya isa inda ake so ya isa.

Akwai wata kalma kuma da nake so masu rubuta allon su yi hattara da ita, ita ce kalmar shahidi. Mun saba, da zarar soja ya faɗi sai mu yanke masa shahada kamar mu ke riƙe da littafin. Haƙiƙa muna yi masa kyakkyawan zato, hadisi ma ya tabbatar da shahada ga wanda aka kashe yana kāre ransa ko iyalinsa ko dukiyarsa, da wanda ya nutse, da wanda gini ya faɗa wa. Amma yanke wa wani mutum takamaimai, wannan sai Wanda Ya san zukata. Buhari ya ƙulla babi musamman don hana faɗin haka kai tsaye. Muslim kuma ya kawo hadisin da ke sa gaban mai hankali ya faɗi, cewa cikin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ran Alƙiyama akwai wanda aka kashe a fagen fama, ya ce don Allah ya yi, a ƙaryata shi, a ce ya yi ne don a kira shi jarumi, an kuwa kira shi. To, a rubuta cewa wane ya rasu a bakin aiki, a wuri kaza, shekara kaza, Allah Ya karɓi shahadarsa. Wannan addu'a ce, ba ta wuce iyakarmu ba.

Yanzu sai mu zo wurin da ya fi wuya, wanda galibin masu jawabi a irin wannan taro suke tsallakewa. Shin duk wanda ya sa kaki ya cancanci girmamawa, ko me ya aikata da bindigarsa? A nan Unguwar Rimi akwai makarantar da a da ake kira Kwalejin St. John, yanzu Kwalejin Rimi, wadda ta yaye mutanen kirki masu yawa. Cikin ɗalibanta na da akwai Manjo Chukwuma Nzeogwu, haifaffen Kaduna, wanda ya jagoranci harin da aka kai gidan Firimiya a daren nan na 15 ga Janairu, aka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu, a wurin da Gidan Arewa yake yanzu. A daren kuma, a cikin garin nan, aka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa, da Kanar Shodeinde. Makaranta ba ta da laifi a kan abin da ɗanta ya aikata bayan ya bar ta, kamar yadda ba a kama Annabi Nuhu da laifin ɗansa. Abin da nake nufi shi ne, kaki shi kaɗai ba ya wanke mutum. Kuma adalci ya hana mu tsaya a nan. A watan Yuli na wannan shekara hafsoshi da sojoji 'yan Arewa, cikinsu har da 'yan Barewa, sun yi ramuwar da ta ci rayukan waɗanda ba su da hannu a abin da ya faru a Janairu. A watan Oktoba 1967 sojojin Runduna ta Biyu, wadda Murtala ke jagoranta, sun kashe farar hula masu yawa a garin Asaba. Muna ƙaunar Murtala, mun san abin da ya yi wa ƙasar nan cikin wata shida da 'yan kwanaki na mulkinsa, amma tarihin ɗan Adam birgimar hankaka ne, wanda ya ga farinsa zai ga baƙinsa.

Yaya Musulunci ya yi da irin wannan? Dubi Halidu ɗan Walidu, wanda Manzon Allah da kansa ya yi wa laƙabi da Takobin Allah. Bayan buɗe Makka, a shekara ta 8, an aike shi wurin kabilar Banu Jazima, ya kashe waɗansu mutane da suka riga suka miƙa wuya, saboda bai fahimci lafazinsu ba. Da labari ya iso, Manzon Allah ya ɗaga hannuwansa a gaban jama'a ya barranta zuwa ga Allah daga abin da Halidu ya yi, har sau biyu, sa'an nan ya tashi Sayyidina Aliyu da dukiya ya je ya biya diyyar kowane rai da kowace asara. Bai ɓoye laifin don girman mai laifin ba, bai kuma shafe alherin Halidu saboda laifin ba, ya ci gaba da ba shi tuta. Haka Usamatu ɗan Zaidu, abin ƙaunarsa ɗan abin ƙaunarsa, da ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a ƙarƙashin takobi, ya yi ta maimaita masa zargi har Usamatu ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Wannan ita ce hanyar, a faɗi alheri, a faɗi kuskure, a biya haƙƙi. Mu a jihar nan ba mu manta da Tudun Biri ba, inda a watan Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom a kan masu taron Mauludi, mutum fiye da 80 suka rasu, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskurenta ne. Amsa laifi shi ne matakin farko da Shari'a ta nema, diyya cikakkiya ga kowane gida shi ne na biyu. Ɗaliban da za su zauna a wannan taro, waɗansunsu gobe su ne za su riƙe bindiga. In aka nuna musu lambobin girma kaɗai, ba a karanta musu wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar Sham ba, ta hana kashe mace da yaro da tsoho da sare itace mai 'ya'ya, to, an ba su rabin darasi.

Wani zai tambaya, to, abokan karatunmu Kirista fa? A sa sunayensu a allo ɗaya da na Musulmi, domin rami ɗaya suka kwanta, harsashi kuma bai tambayi sunan kowa ba. Manzon Allah bai manta da alherin Muɗ'imu ɗan Adiyyu ba, mutumin da ya ba shi mafaka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa, ya kuwa mutu bai musulunta ba, har bayan Badar ya ce da yana raye ya roƙi a saki kamammun yaƙin, da ya sakar masa su. Addu'ar neman gafara tana da hukuncinta, kowane ɓangare ya yi ibadarsa bisa addininsa ba tare da cakuɗawa ba. Amma yabon alheri, da ta'aziyya, da taimakon marayu, waɗannan ba su da shinge.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu share fage ne. In ka bincika yadda Manzon Allah da halifofinsa suka girmama mazajen da suka faɗi, za ka tarar mafi yawansa a gidajen mamatan aka yi shi. Ranar da labarin Mu'uta ya iso, cewa Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya faɗi, Manzon Allah ya tafi gidansa, ya sa aka kawo masa 'ya'yansa, ya rungume su idanunsa na zub da hawaye, sa'an nan ya umarci iyalinsa su dafa wa gidan Ja'afaru abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. (Mu kuwa yau mun juya abin, gidan mamaci ke ciyar da masu zaman makoki, har a ci bashi a yi.) Abdullahi mahaifin Jabiru ya faɗi a Uhudu ya bar 'ya'ya mata da bashi mai nauyi, Manzon Allah ya taka da ƙafarsa har gonar dabinonsu, ya zauna aka yi ta auna wa masu bin bashi har aka sallami kowa. Matar Sa'adu ɗan Rabi'u ta zo da 'ya'yanta mata biyu ta kai ƙarar cewa baffansu ya kwashe dukiyar ubansu bayan Uhudu, a kan wannan ayar gado ta sauka, aka karɓo musu kashi biyu cikin uku, uwarsu ta sami tumuni. An tambaye shi dalilin da ya sa yake yawan shiga gidan Ummu Sulaim, ya ce tausayinta yake ji, domin an kashe ɗan'uwanta a tafarkinsa. Ya kuma sanar da mu cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa, shi ma ya yi yaƙin.

Sayyidina Umaru ya ɗauki wannan ya mai da shi tsarin hukuma, ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mayaƙa da abin da za a riƙa ba kowa da iyalinsa daga baitulmali. Buhari ya kawo labarin wata yarinyar mace da ta tare shi a kasuwa, ta ce mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan yara, ba gona ba dabba, ita kuwa 'yar Hufafu Bagifare ce wanda ya halarci Hudaibiyya. Umaru bai ce ta rubuto takarda ba, bai ce ta dawo wata mai zuwa ba. Nan take ya kama raƙumi ƙaƙƙarfa, ya ɗora masa buhu biyu na abinci, ya sa kuɗi da tufafi a tsakaninsu, ya miƙa mata akala, ya ce kafin wannan ya ƙare Allah zai kawo wani. Da wani ya ce an yi mata yawa, sai Umaru ya yi masa faɗa, ya ce shi yana tuna ubanta da ɗan'uwanta sun daɗe suna tsare da wata ganuwa har suka buɗe ta, ga shi yau ana cin amfanin wahalarsu.

To, jama'a, mu auna kanmu da wannan ma'auni. Janar-janar ba su rasa mai tunawa da su ba. Akwai Dandalin Murtala a tsakiyar garin nan, akwai Gidan Hassan Katsina a Kawo, akwai Barikin Maimalari a Maiduguri. Laftanar-Janar Ibrahim Attahiru, ɗan Doka, da ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da filin jirgin Kaduna ran 21 ga Mayu 2021 tare da mutum 10, ƙasa duka ta yi makokinsa, Allah Ya jiƙansa. Amma kowace makaranta, in ta yaye janar ɗaya, ta yaye kofur da saje da farabiti masu yawan gaske, waɗanda suka fita daga aji biyar ko aji shida suka tafi Defot a Zariya, daga can sai Kwango, ko fagen yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, ko Laberiya da Saliyo, ko dajin Sambisa da bakin Tafkin Chadi, ko dazukan Birnin Gwari. Su ne ba a san ƙofar gidajensu ba. A shekarun da na yi ina koyar da Larabci na sha ganin yaro mai ƙoƙari ya ɓace daga aji a tsakiyar zango, in an bincika sai a ce ubansa soja ne ya rasu, uwar ta kwashe su sun koma ƙauye. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya neme shi.

Saboda haka shawarata ga waɗannan dattawa, kafin su kama zauren taro, kafin su ɗinka anko su yanka sa, su fara da kafa 'yan kwamiti masu amana su bi gida gida. Su gano matan da aka bari, da inda suke zaune. A nan akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ta kamata hukumomi su sani. Matar mamaci tana takaba wata 4 da kwana 10, in tana da ciki sai ta haihu, kuma a gidan da mijinta ya bar ta take yi. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, sun ce matar amiri da makamancinsa, in ya mutu tana gidan hukuma, wanda ya gaje kujerar ba shi da ikon fitar da ita sai iddarta ta cika. In an yi wa matar amiri wannan, matar kofur da ke ɗaki ɗaya a bariki ta fi buƙatarsa.

Su bincika kuma ko an biya haƙƙin mamacin, domin da yawa daga matan nan ba su san ofishin da za su nufa ba, alhali a cikin ƙungiyar akwai lauya, akwai tsohon hafsa, akwai wanda waya ɗaya zai buga a nemo fayil. In kuɗin ya fito, a lura da wani kuskure da ya yi yawa a cikinmu. Wanda soja ya rubuta sunansa a takarda a matsayin mai karɓar haƙƙinsa wakili ne kawai, amana ce aka ba shi ya kai wa magada. Za a fara da biyan bashin mamaci, domin hadisin Muslim ya nuna ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Sa'an nan wasiyya in akwai, kada ta wuce sulusi. Abin da ya rage a raba bisa ƙa'ida, mata tumuni in akwai 'ya'ya, uwa da uba kowanne sudusi in akwai ɗa namiji, sauran na 'ya'ya. Ƙanin mamaci da ya karɓi kuɗin ya sayi mota ya ƙara aure, ya bar marayu suna talla, ya koma ya karanta farkon Suratun Nisa'i ya ga abin da aka ce masu cin dukiyar maraya suna zubawa a cikkunansu.

Kada kuma a manta da rayayyu. Akwai wanda ya dawo ba ƙafa, akwai wanda ya dawo da gaɓoɓinsa cif amma barci ya ƙaurace masa, ƙarar tayar mota ta sa ya faɗi ƙasa, yara na bin sa suna dariya. Wannan ciwo ne da likitoci suka san shi, yana da magani, kuma a nan Kaduna akwai asibitin da ake duba irinsa a Barnawa. Abokin ajinsa da zai ɗauke shi a mota ya kai shi, ya zauna da shi har ya ga likita, ya yi masa abin da lambar tagulla ba za ta yi masa ba. Makarantar ita kuma ta keɓe gurabe kowace shekara ga 'ya'yan waɗannan mutane, ƙungiya ta ɗauki kuɗin makarantarsu da littattafansu har su gama, a rubuta wannan a tsarin mulkin ƙungiya yadda ba zai mutu da mutuwar shugabannin yanzu ba. Wanda yake da zakka a cikinku, matalauta daga cikin iyalan nan suna cikin waɗanda aka ambata a Suratut Tauba. In an gama wannan, sai a sa ranar taro, a gayyato matan da 'ya'yan a zaunar da su a sahun gaba, a karanta sunaye tun daga farabiti har janar bisa shekarar fitarsu daga makaranta, domin a aji babu mai igiya babu mai tauraro.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu cikin imani, Ya ba masu rauni lafiya, Ya raya marayunsu, Ya tsare waɗanda ke bakin daga a daren yau, Ya kuma tsare hannuwansu daga jinin da Ya haramta. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan rabon gado, daga inda muka tsaya a mas'alar kaka da 'yan'uwa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.